Darasi na 14: Awon Ƙarfin Ƙafa da Wayar Hannu

Tsufa yakan fara daga ƙafa. Ga dattijo nan Sabon Gari. Bara da ƙafarsa yake zuwa kasuwar Wudil ran Jumma'a. Bana sai ya dafa bango kafin ya tashi daga tabarma. Kada a raina wannan alama. In ƙafa ta yi rauni, faɗuwa ta kusa. Tsoho kuwa in ya karye a ƙugu, ya kan daɗe a kwance.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. Waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ci.

To, ana iya auna ƙarfin ƙafa tun da wuri. A cikin babbar wayar hannu akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi. Ita ke juya hoto in ka karkata wayar. Ita ke ƙirga takunka. Masana sukan ɗaura wayar a ƙugun tsoho. In ya miƙe, sai ta nuna saurin tashinsa da yawan tangaɗinsa.

Mu ma muna iya yin namu awon da agogon waya. A Kanada aka tsara shi a 1991. Ga yadda ake yi:

1. A zaunar da tsoho a kujera mai ƙwari.
2. A ja layi a ƙasa, nisan mita 3 daga kujerar.
3. Ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya zauna.
4. Wani ya bi shi kusa, don kada ya faɗi.
5. A rubuta daƙiƙa nawa ya yi.

In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, a kai shi asibiti a duba shi. Waya ba likita ba ce.

A maimaita kowane wata. Kun ga amfanin iya rubutu ke nan. Kuma ƙafa takan ƙara ƙarfi ko da an tsufa, in ana tafiya, ana tashi da zama kullum gwargwadon iko. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mece ce alamar raunin ƙafa?
2. Mita nawa ne daga kujera zuwa layi?
3. Auna wani dattijo a gidanku, ka kawo lissafin aji.