Darasi: Ajiye lambar gaggawa cikin salula

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan talho ne.

A da, lambar talho ta ƙasar Nijar ƙwaya 6 ce. Tun shekarar 2006 ta koma ƙwaya 8. Ta talhon gida a Yamai tana farawa da 20. Ƙwaya 8 tana da wuyar riƙewa a kai. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko maciji ya sari yaro, hankali yana tashi. Hannu yana rawa. Mutum sai ya manta lambar da ya sani sarai.

Akwai dabara. Ana iya ɗaura lambar mutum a kan maɓalli guda. In ka danna shi ka riƙe, salula za ta kira mutumin da kanta.

Ga yadda ake yi a ƙaramar salula mai maɓallai:

1. Fara ajiye lambar da sunan mai ita a wurin sunaye. Da Faransanci an rubuta "Contacts" ko "Répertoire".
2. Nemi inda aka rubuta "Numérotation rapide" ko "Appel abrégé". Ma'anarsa kiran sauri. In an kashe shi, ka kunna.
3. Zaɓi maɓalli ɗaya daga 2 zuwa 9. Bar 1, yawanci na akwatin saƙon murya ne.
4. Zaɓi sunan da kake so, ka danna OK.
5. Gwada nan take. Danna, ka riƙe, har ka ji ta shiga.

Salula iri-iri ce. In taka ta bambanta, kai wa malaminku ko mai cajin waya ya nuna maka.

Wa ya kamata a sa? A yi tunani. Malamin asibiti mafi kusa. Ungozoma. Mai mota ko mai babur na gari. Mai gari. Ɗan da ya tafi cin rani. In yana Najeriya, a fara da 00234, a cire sifirin farko na lambarsa.

Ku shafa maɓalli na 5. Yawanci yana da ɗan tudu. An yi shi don a gane shi cikin duhu. Saboda haka lambar da ta fi muhimmanci, ita za a sa wa 5.

Lambobi biyu kuma a hardace su: 17 ƴan sanda, 18 ƴan kwana-kwana. Ba a kiransu don wasa.

Maigida, kada ka riƙe sanin kai kaɗai. Koya wa uwargida da tsohuwa da manyan yara. Ko wanda bai iya karatu ba, yana iya gane 5. Ranar da kake kasuwa, su ne a gida.

Salula takan ɓace, takan faɗa ruwa. Ku rubuta lambobin duka cikin littafinku. Ku bar caji da ɗan kuɗi a ciki kullum.

Aikin gida:

1. Ƙwaya nawa ce lambar talho a Nijar?
2. Me ya sa ake barin maɓalli na 1?
3. Rubuta sunayen mutum 3 da za ka kira in wani ya kwanta da dare, da lambobinsu. Kawo su aji gobe, mu sa su tare.