Uba a Bakin Fili: Darasi a Kan Matsa wa 'Ya'ya a Wasan Ƙwallo

Duk wanda ya bi ta filayen makarantun firamare na Jalingo da yamma, a Magami ko Mayo Gwoi ko Sabon Gari, zai tarar da yara suna buga ƙwallo, waɗansu da takalmi, waɗansu ƙafa a ƙasa. Wannan tsohon abu ne. Abin da ya sake shi ne manyan da ke tsaye a bakin fili. Shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, uban da ya zo fili ya zo ne da bulala, domin ya kora ɗansa gida ya yi karatu ko ya tafi gona. Yau yakan zo ne domin ya tabbata an sa ɗansa a cikin wasa. Ya sayi takalmin ƙwallo da kuɗin taki, ya biya koci, yana kuma jiran riba. In yaron ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, sai a ji muryar uban ta fi ta kowa: "Kai, wane irin rago ne kai? Kuɗina nake zubarwa a banza?" Da dare a gida, ba a yi wa yaron magana.

Dalilin wannan canji ba a ɓoye yake ba. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: a 1985, da 1993, da 2007, da 2013, da 2015. Iyaye sun ga Nwankwo Kanu, sun ga Ahmed Musa da Mikel Obi waɗanda suka taso a Jos, sun ga Victor Osimhen wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015 a ƙasar Chile, ya kuma zama gwarzon Afirka a 2023. Uban da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, in ya dubi ƙafar ɗansa ya ga hanyar fita daga talauci, bai kamata a yi masa dariya ba. Wasan kansa ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ya yarda motsa jiki yana da nasa amfani (1 Timoti 4:8), ya kuma sha ɗauko misali daga masu tsere da 'yan dambe. Tambayar wannan darasi ita ce, me yake faruwa a zuciyar yaro sa'ad da wasansa ya zama gonar mahaifinsa?

Iyakar da aka sa wa uba

A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 6, Bulus ya fara da 'ya'ya, ya umarce su da biyayya da girmama iyaye. Iyaye sun haddace waɗannan ayoyi uku sarai. Aya ta huɗu ce ba a cika karantawa da ƙarfi ba, inda ya juya ga ubanni ya hana su tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. A Kolosiyawa 3:21 ya maimaita umarnin, ya kuma ba da dalili: domin kada yaran su karai. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana nufin mutum ya rasa kuzarin zuciya, ya daina gwadawa saboda ya gane ko me ya yi ba zai isa ba.

Ya kamata a tuna da irin mutanen da aka rubuta wa wannan. A dokar Romawa uba yana da iko a kan 'ya'yansa muddin yana da rai, ko da sun girma sun yi aure, abin da ɗa ya samu kuma na uban ne a gaban shari'a. A irin wannan duniya ce Manzo ya ce wa uba, ikonka yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce zuciyar yaron. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa saƙa kwando ya san ɗanyen ma yana karyewa in an yi masa garaje.

Karayar zuciya tana da alamu, kocin yara kuwa sun san su. Yaron da yake wasa cikin tsoro ba ya neman a ba shi ƙwallo. In ta zo masa sai ya yi maza ya rabu da ita, domin kada kuskure ya fito ta ƙafarsa. Kafin ya dubi abokin wasansa, sai ya dubi inda babansa yake tsaye. Wani yakan ɓoye ciwo, wani kuma yakan ƙirƙiro ciwon da babu shi. Da yawa sukan bar wasan gaba ɗaya da zarar sun sami ikon cewa a'a, su tafi da ɗacin da ba na ƙwallo kaɗai ba.

Littafin Farawa 25:28 ya bayyana tushen abin a gidan Ishaku. Ishaku yana ƙaunar Isuwa, an kuma faɗi dalili: naman farautar da yake kawo masa. Ƙauna ce mai lada, a kawo nama a sami fara'a. Yaron da ya taso a haka yakan koyi cewa matsayinsa a gida yana rataye ne a kan abin da ya kawo, nama ne, ko maki a jarrabawa, ko ƙwallo a raga. Tsarin Uba na sama ya sha bamban da wannan. A Matiyu 3:17 muryar da ta shaida ƙauna da jin daɗi ga Yesu ta zo ne a bakin Kogin Urdun, kafin ya yi wa'azi ko ɗaya, kafin ya warkar da kowa.

Akwai kuma Saul. A 1 Sama'ila 20:30-33 ya zagi Jonatan a wurin cin abinci, ya haɗa har da mahaifiyarsa, ya jefe shi da mashi. Hujjar Saul ita ce yana so mulki ya tabbata a hannun Jonatan. Wato, don amfanin yaron ne. Jonatan ya tashi bai ci kome ba a ranar. Ubanni da yawa da ke ruwan zagi a bakin fili, in an tambaye su, amsar Saul za su bayar.

Rigar Isuwa

Matsi ba ya tsayawa a ihu. Sau da yawa yakan kai ga ƙarya, kuma manya ne suke ɗinka ta, yaro ya sa.

A Amurka akwai wasan besbol, inda mutum ɗaya yake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya doke ta da kulki. Kowace shekara ana gasar yara ta duniya da ake kira Little League a jihar Pensilbaniya, ta waɗanda ba su wuce shekara 12 ba. A 2001 wani yaro mai suna Danny Almonte, ɗan asalin Jamhuriyar Dominikan da ke wasa wa wata ƙungiya ta birnin Niyok, ya gagari kowa wajen jifa, ƙungiyarsa ta zo ta uku. Bayan gasar aka binciko cewa an haife shi a 1987, ba 1989 ba kamar yadda takardarsa ta nuna. Shekararsa 14. Aka soke dukan nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa shiga harkar gasar har abada. Shugabannin gasar sun ɗora laifin a kan manya, amma sunan yaron ne ya zaga duniya, kuma bai taɓa kaiwa babbar gasar ƙwararru ta Amurka ba.

Mai karatu a Taraba ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. "Shekarun ƙwallo" magana ce da kowa ya sani. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa. A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, domin ƙashin nan yakan gama haɗewa ne sa'ad da girma ya tsaya. A watan Agusta na 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da masu riƙe da kofin duniya. Gwajin ba ma'asumi ba ne, yana iya cutar yaron da ya yi saurin girma. Amma da ba a saba ƙarya ba, da ba a kai ga auna ƙashi ba.

Farawa sura 27 ta nuna yadda irin wannan yake faruwa a cikin gida. Rifkatu ce ta shirya kome. Ta ɗauko tufafin Isuwa ta sa wa Yakubu, ta rufe masa hannu da wuya da fatar 'yan awaki. Yakubu ya nuna tsoron la'ana, uwar ta ce ita za ta ɗauka. Ba ta iya ɗauka ba. Yakubu ne ya buɗe baki ya amsa sunan da ba nasa ba a gaban mahaifinsa makaho, shi ne ya gudu zuwa Haran. 'Yan kwanakin da uwar ta yi zato suka zama shekara ashirin, Littafi Mai Tsarki kuma bai ambaci sun sāke ganin juna ba. Uban da ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru ta ƙarya, ko ya ba babban ɗansa takardar haihuwar ƙanensa, shi ma yakan ce, "Bar mini wannan, ni na sani." Amma yaron ne zai riƙa faɗin ƙaryar da bakinsa a gaban kowane jami'i, har tsawon rayuwarsa. Akwai kuma wani yaro mai shekara 15 na gaskiya, ɗan wani gida, wanda aka ture domin a ba ƙaton wuri. Bulus ya ce ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya bi ka'ida (2 Timoti 2:5).

Jiki, makaranta, da dillali

Jikin yaro ba ƙaramin jikin babba ba ne. Ƙarshen ƙasusuwansa yana da taushi domin nan ne girma yake faruwa. Yawan gudu da tsalle ba hutu yakan kawo kumburi da zafi a ƙasan gwiwa ko a diddige ga masu shekara 10 zuwa 15. Saboda lalacewar gwiwar hannun yara ne Little League ta kafa dokar ƙidayar jifa a 2007, ta ce mai shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a rana. Likitocin yara suna ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako. Uban da yake tayar da yaro gudun asuba, ya tura shi atisaye da yamma a zafin Maris na Jalingo, in ya yi kukan gwiwa a ba shi ƙwaya a ce ya daure, yana cin iri ne tun kafin shuka. Ƙwayar tramadol, wadda ta riga ta ɓata samari da yawa a arewa, an haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Batun barin makaranta kuwa, lissafi kaɗan ya isa. Tawagar da ta ci kofi a 2015 mutum 21 ce, zaɓaɓɓu daga dukan ƙasa. Sai iyali su gwada ko za su iya kiran sunayen biyar daga cikinsu yau. A nan gida, ƙungiyar FC Taraba ta hau babbar gasar Najeriya a 2014, filin wasa na Jolly Nyame ya ga manyan ƙungiyoyi, a ƙarshen 2015 ta sauka, 'yan wasanta suka yi zaman dirshan a ƙofar Gidan Gwamnati suna neman albashin watanni. Waɗannan su ne waɗanda suka kai. Ƙwallo sana'a ce da karaya guda take iya rufewa, wanda ya daɗe a cikinta ma yakan ajiye ta tun bai kai arba'in ba.

Sai kuma dillali mai alkawarin gwaji a Turai, wanda ake sayar wa fili ko shanu. Tun 2001 dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa domin ƙwallo, sai a 'yan sharuɗa kaɗan, kamar in iyayensa sun ƙaura saboda wani dalili dabam. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗi zai kai ɗan shekara 15 ƙungiya a waje, ko dai ƙarya yake yi, ko zai karya doka. A 2015 aka gano yara 23 daga Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Laberiya, da aka kai wata ƙungiya a ƙasar Lawos ta nahiyar Asiya, suna kwana a cikin filin wasa. Yaron da ya san an sayar da gonar gado dominsa, kunya takan hana shi faɗin halin da yake ciki, balle ya nemi komowa.

Abin da ya rage ga uba

Wannan darasi bai ce uba ya naɗe hannu ba. Ayar da ta hana tsokana ita ce ta umarci reno da horo. Uba yana da ikon cewa ba fili sai an gama aikin makaranta, ba wasa a lokacin sujada, ba zagin alƙalin wasa. 'Ya'ya kuma ba su sami lasisin raina iyaye ba. Bambancin yana ga abin da ake horo a kansa. Ƙarya, rashin kunya da lalaci abin horo ne. Ɓarar da fenariti ba laifi ba ne da za a hana yaro tuwo a kansa.

A 1 Sama'ila 17:38-40 Saul ya sa wa Dawuda nasa kayan yaƙi, kwalkwalin tagulla da sulke da takobi. Kyawawan kaya ne, na sarki, amma Dawuda bai saba da su ba, ya tuɓe, ya ɗauki sandarsa da majajjawa da duwatsu biyar. A wannan karon Saul ya yi daidai, ya ƙyale shi. Ubanni da yawa sun yi ƙwallo a ƙuruciya, talauci ko rauni ya tsayar da su, burin nan ne suke so ɗa ya sa. Ya kamata irin wannan uba ya tambayi ɗansa, ba a gaban mutane ba, ko yana son wasan har yanzu, ya kuma shirya jin amsar da ba ta yi masa daɗi ba. A hanyar komawa gida bayan an sha kashi, ya bar gyara ga koci, ya tambayi yaron ko yana jin yunwa.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Gasar matasa tsakanin majami'u wuri ne da dattawa za su iya hana iyaye zagi a bakin fili, su kuma hana a ɗauko ɗan haya a ce ɗan Makarantar Lahadi ne. A majami'u da yawa, littafin miƙa jarirai da na baftisma su ne shaida mafi tsufa ta ranar haihuwar yaro, musamman a ƙauyukan da rajistar Hukumar Ƙidaya ba ta isa da wuri ba. Saboda haka wata rana uba zai zo ofishin fasto da murmushi, ya roƙa a sāke rubuta katin baftisma a rage shekara biyu. Majalisar dattawa ta tsai da amsa tun kafin ranar ta zo, ta rubuta ta, a karanta wa jama'a a sanarwar Lahadi, domin kada a bar fasto ko magatakarda shi kaɗai a gaban mai bayar da baiko mai tsoka.