'Yan Gudun Hijira a Nijeriya: Wa Ke Ɗaukar Nauyinsu, Kuma Don Me?

Sau da yawa akan ji jama'a suna tambaya cewa, don me Gwamnati za ta ɗebi kuɗi daga baitulmali ta kashe wa baƙi, alhali kuwa 'yan ƙasa ma ba su gama samun biyan bukata ba? Tambaya ce mai ma'ana, ya kuma kamata a amsa ta filla-filla.

Alkawarin da ƙasa ta ɗauka

Ɗan gudun hijira shi ne wanda yaƙi ko zalunci ya tilasta masa barin ƙasarsa, ya ƙetare iyaka don tsira da ransa. Ya bambanta da ɗan ci-rani, wanda ya fito neman abinci bisa son ransa, in ya ga dama ya koma gida. A shekarar 1967 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 game da 'yan gudun hijira, daga baya kuma ta amince da wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙulla a Adis Ababa a 1969. Babban sharaɗin da ke cikinsu shi ne, ba a mayar da mutum inda ransa yake cikin hatsari.

Domin cika wannan alkawari ne aka kafa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, bisa dokar soja mai lamba 52 ta 1989. Hedkwatarta tana Abuja. A 2002 aka ƙara mata aikin kula da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasa, a 2009 kuma aka haɗa mata da sha'anin masu ƙaura.

Inda kuɗin yake fitowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin Tarayya takan ware wa Hukumar kaso a cikin kasafin kuɗi na shekara, wanda sai Majalisar Tarayya ta amince da shi. Jihohi da garuruwa sukan ba da fili. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira kuwa takan kawo gudummawa, galibi daga abin da ƙasashe suka bayar don raɗin kansu. Irin wannan gudummawa takan ƙaru, takan kuma ragu, don haka wajibi ne a kashe abin da aka samu a inda amfaninsa zai daɗe.

Darasi daga Oru da Ogoja

A 1990 aka buɗe sansani a Oru, cikin Jihar Ogun, domin mutanen da yaƙin Laberiya ya koro, daga baya na Saliyo suka iske su. Sansanin da aka yi don zaman wucin gadi sai da ya kai shekarar 2007 kafin a rufe shi. A wannan shekara aka yi yarjejeniya cewa ƙasashensu za su ba su fasfo, Nijeriya kuma ta ba su izinin zama da na aiki. Abin lura a nan shi ne, ciyar da mutum shekara da shekaru a bayan shinge yana cin kuɗi, ba ya kuma mayar da shi mai dogaro da kansa.

Da rikici ya koro dubban mutanen Kamaru zuwa jihohin Kuros Riba, Binuwai, Taraba da Akwa Ibom tun daga ƙarshen 2017, sai aka bi wata hanya. A Adagom, kusa da Ogoja, an zaunar da su daura da mutanen gari, 'ya'yansu suka shiga makarantun gwamnati tare da 'ya'yan masu masauki. Ajin da aka gyara, da ɗakin shan magani, da rijiyar burtsatse, duka baƙo da ɗan gari ne ke morarsu, kuma ko baƙo ya koma gida suna nan.

Alheri danƙo ne

Kada a manta, 'yan Nijeriya ma sun zama baƙi a wasu wurare. A 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa yankin Maraɗi, aka karɓe su, aka kuma zaunar da wasu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Abin da ƙasa take so a yi wa nata a waje, shi ya kamata ta yi wa na wasu a gida.

Saboda haka ana jan hankalin hakimai da dagatai da masu unguwanni da su taimaka wa irin waɗannan baƙi su yi rajista da Hukuma, kada kuma a hana 'ya'yansu shiga makaranta. Hakkin kowane ɗan ƙasa ne ya sa ido, ya tambayi wakilinsa a Majalisa yadda aka kashe kuɗin da aka ware.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin ɗan gudun hijira da ɗan ci-rani?
2. Daga ina ake samun kuɗin kula da 'yan gudun hijira?
3. Wane amfani mutanen gari suke samu idan an zaunar da baƙi a cikinsu?