Yadda Ɗalibi Zai Zaɓi Osiloskof Ta Farko Da Ɗan Kuɗin Hannunsa

Da yawa daga cikinmu mun san mita, wato ƙaramar na'urar nan da masu gyaran rediyo da masu haɗa sola suke awon wuta da ita. Mita lamba ɗaya take faɗa mana, kamar bolt 12 ko bolt 230. Amma wutar lantarki ba tsayawa take yi wuri ɗaya ba, hawa da sauka take yi. Osiloskof ita ce na'urar da ke zana wannan hawa da sauka a kan gilashi har mu gani da idonmu. Layin kwance yana nuna lokaci, layin tsaye kuma yana nuna ƙarfin wuta.

Tushen na'urar ya samo asali ne daga wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, wanda ya ƙera kwalbar gilashi mai zana haske a shekarar 1897. Ya sami lambar yabo ta Nobel a 1909 tare da Marconi. Irin wannan kwalba ce ke cikin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya. Kamfanin Tektronix, wanda aka kafa a Amurka a 1946, shi ne ya yi suna wajen ƙera osiloskof. Na zamani kuwa sun bar kwalba, sun koma aiki irin na kwamfuta.

Amfaninta a wurinmu

A Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye, janareto da sola da inbata sun zama abokan zama, saboda wutar KEDCO ba kullum ake samunta ba. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya, cikin laushi kamar igiyar ruwa. Inbata mai kyau irin wannan zubi take bayarwa. Mai araha kuwa zubinta kamar matakalar bene yake, shi ya sa fanka take gurnani tana zafi idan an jona ta. Mita na iya nuna kusan lamba ɗaya a kan duka biyun, amma osiloskof nan take za ta tona asiri. Yaron da ya iya karanta wannan zane ya fi mai gyara da ka, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Tambaya ta farko: me za mu auna?

Kafin mu tambayi kuɗin na'ura, sai mu tambayi kanmu aikin da za mu yi da ita. Kowace osiloskof tana da iyakar saurin da take iya gani, kuma ana rubuta shi da Hz, wato yawan juyi a daƙiƙa. Alamar kHz na nufin dubu, MHz kuma miliyan. Wutar gida 50 Hz ce. Sautin da kunnen mutum ke ji bai wuce 20 kHz ba. A cikin rediyo akwai sashen da ke aiki a 455 kHz domin tashoshin AM, da wanda ke aiki a 10.7 MHz domin FM. Agogon allon Arduino Uno yana bugawa a 16 MHz. Freedom Radio ta Kano kuwa tana kan 99.5 MHz.

A sani cewa idan an kai iyakar da aka rubuta, na'urar ba ta nuna tsayin zanen daidai, kusan kashi 70 cikin 100 kawai take nunawa. Saboda haka masana suka ce a nemi wadda iyakarta ta ninka abin da za a auna sau biyar. Mai son duba inbata da amfilifayar lasifika ba ya bukatar mai tsada. Mai son gyaran rediyon FM kuwa zai bukaci kamar 50 MHz.

Sauran abubuwan dubawa

Na biyu, a duba yawan ƙofofin awo. Mai ƙofa biyu ta fi mai ɗaya amfani nesa ba kusa ba, domin za mu ga abin da ya shiga amfilifaya da abin da ya fito a lokaci guda. Na uku, osiloskof ta zamani tsinto awo take yi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta haɗa zane. Yawan tsintar a daƙiƙa dole ya ninka iyakar saurinta sau da yawa, in ba haka ba zanen ƙarya za ta nuna. An sha samun ƙananan na'urori masu araha da aka rubuta musu 100 MHz a kwali alhali ba su kai ba. Na huɗu, a tuna da halin wutarmu. Na'urar da ke aiki da batir ba ta jiran a kawo wuta.

Iri huɗu da ake samu

Akwai DSO138, wadda ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kansa da dalma. Ƙofa ɗaya gare ta, iyakarta 200 kHz, kuɗinta bai kai dala 30 ba. Ta isa koyon karatun zane da awon sauti, kuma haɗa ta kansa darasi ne. Akwai Hantek 6022BE da ake jonawa da kwamfutar tafi-da-gidanka, mai ƙofa biyu da iyakar 20 MHz. Akwai ta kan tebur irin Rigol DS1054Z, mai ƙofa huɗu da 50 MHz, wadda ta fito a kan kusan dala 400. Wannan ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, amma ta dace da ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Sai kuma tsohuwa mai kwalba, 'yar gwanjo. Tana da nauyi, sai da wutar gida take aiki, kuma a cikinta akwai dubban bolt, don haka ɗalibi ba ya buɗe ta.

Wanda ya je neman 'yar gwanjo a birnin Kano, ko a Sabon Gari ko a titin Beirut, kada ya biya sai an kunna a gabansa. Yawancin osiloskof na kan tebur suna da ɗan ƙarfe a gaba mai fitar da zane mai kusurwa huɗu a 1 kHz. A taɓa shi da sandar awo a kowace ƙofa. Idan layin ya fito sarai ya tsaya cak, da alamar lafiya. Idan ya dushe ko yana gudu, a haƙura. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gargaɗi

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci. Sandar awo tana da ɗan maƙali mai bakin kada. A osiloskof ta kan tebur, wannan maƙali a haɗe yake da jikin na'urar da kuma ƙafar ƙasa ta filogi. Idan aka maƙala shi a wayar da ke da wuta, sai tartsatsi ya tashi sandar ta ƙone. Idan kuwa gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, jikin na'urar ne zai ɗauki wuta, wanda ya taɓa yana iya rasa ransa. Haka kuma wutar da muke kira bolt 230 ƙololuwarta tana kai wa bolt 325, alhali DSO138 bolt 50 take ɗauka. Kada mu kuskura mu jona osiloskof kai tsaye da soket, kada kuma mu cire ƙafar ƙasa ta filogi.

Gwajin da za mu iya yi

A nemi ƙaramar taransifoma mai rage bolt 230 zuwa 12. Malami ne zai jona ɓangaren 230, ya rufe shi da kyau, mu kuma mu auna ɓangaren 12 kawai. Juyi ɗaya zai ci kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, ƙololuwar zanen kuma za ta kai wajen bolt 17. A zana abin da aka gani a littafi, sannan a sake gwadawa da janareto, a sake da inbata, a kwatanta zanen uku.

Shawararmu ita ce ɗalibai uku ko huɗu su haɗa kuɗi su fara da ƙarama mai batir, su ajiye ta cikin leda saboda ƙurar hunturu, su yi shekara suna koyo da ita. Ranar da suka kawo aikin da ta kasa gani, a ranar ne za su san ainihin wadda ya kamata su saya a gaba.