Yadda Ake Ɗura wa Mutum-mutumin Gasa Iska

Kowa ya san mai facin taya da injinsa na ba da iska. To, da irin wannan iska da aka matse ake motsa hannuwan waɗansu mutum-mutumin inji da 'yan makaranta ke ƙerawa don gasa. Iskar tana cikin ɗan tanki, in an buɗe bawul sai ta tura fistan, hannu ya miƙe.

Injin matsa iska yana da nauyi, ga shan batir. Don haka waɗansu sukan bar shi waje, su cika tanki kafin wasa. Gasar FIRST ta Amurka, wadda aka fara a 1992, ta yarda da haka har 2018, amma a 2019 ta ce sai injin da ke jikin mutum-mutumin. A gasar VEX kuwa daga waje ake ɗurawa, galibi da famfon keke, kada a wuce fam 100 bisa kowane inci murabba'i. Lalle malami ya karanta dokar shekarar, kada a hana yaransa shiga fili bayan wahalar wata da watanni.

Ga yadda ake yi. A rufe bawul na sakin iska, a haɗa tiyo, a ɗura ana duban ma'auni. In allura ta kai iyaka a dakata kaɗan. Iska takan yi zafi in an matse ta, kowa ya taɓa gindin famfon keke ya sani. Da ta huce allura za ta sauko, sa'an nan a ƙara. In ta yi ta saukowa, akwai yoyo. A shafa ruwan sabulu a mahaɗai, kumfa zai tona asirin wurin.

Mu nan Jos akwai wani abu kuma. Garinmu yana bisa tudu wajen mita 1,200, nauyin iskarmu kamar fam 12.7 ne, na Ikko kuwa 14.7. Watau kowane bugu na famfo iska kaɗan yake kwasa, ɗurawa ta fi daɗewa. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa in an matse iska ta koma rabin wurinta, ƙarfinta ya ninka. Bisa wannan lissafi, kafin ma'auni ya nuna fam 100 a Jos, sai an tura iskar da za ta cika tankin kusan sau 8. Wannan, a ganina, ya fi misalan littafi kyau ga aji, don yara za su ƙirga bugun da kansu.

Kada a yarda yaro ya yi tanki da bututun ruwa na roba, gama in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Da damina ruwa yakan taru cikin tanki, a riƙa zubarwa. In an tashi, a saki iska duka kafin kowa ya sa yatsa kusa da fistan.