Wandon da na ɗinka wa yarana yana ɓarkewa a hantsa

 Gwaggo, ni uwa ce mai 'ya'ya maza uku a Sakkwato, babban shekararsa 11, autan kuma 4. Kin san garinmu idan bazara ta kama. Ƙurajen zafi sun feso wa autan a ƙugu da cinyoyi, don gajerun wandunan da muke saya a kasuwa masu santsin nan ne, ba sa shan gumi. Na kai wa tela yadi, ya ce ɗinkin Sallah ya sha masa kai, ba ya karɓar ƙaramin aiki. Ina da keken ɗinki Butterfly na ƙafa da mahaifiyata ta ba ni, ina kalmasa zani da ɗankwali da shi, sai na ce bari in ɗinka musu da kaina. Na shimfiɗa tsohon wando a kan yadi, na zana, na yanka. A ido ya yi kyau, amma da yaro ya tsuguna sai bayan ya zame, gaban ya tattaru, ba a daɗe ba hantsar ta ɓarke. Maigidana ya ce in daina ɓarnar yadi, in jira bayan Sallah. In haƙura ne, Gwaggo, ko akwai gyara? Kuma wane yadi ya fi dacewa?

Maman yara, Sakkwato

'Yata, Allah ya raya miki su. Kada ki haƙura. Wadda ta iya miƙe ɗinki a bakin zani ta iya rabin aikin wando, kuma abin da ya ba ki matsala wuri ɗaya ne, wato yankan hantsa.

Da kika shimfiɗa tsohon wando kika zana, gaba da baya suka fito iri ɗaya. Jikin mutum kuwa ba haka yake ba. Baya yana ɗauke da mazaunai, saboda haka yana bukatar yadi fiye da gaba ta hanya biyu: ya fi tsawo daga ƙugu zuwa hantsa, lanƙwasarsa kuma ta fi zurfi, tana shiga tsakanin cinyoyi. Idan aka yanka su daidai, yadin da baya ya rasa shi ne yake tattaruwa a gaba. Yaro na tsugunawa sai wandon ya nemi tsawon da babu, ya ja ƙugu ƙasa, in ƙugun ya ƙi sauka kuma zare ya tsinke. Yara maza kuwa rabin yininsu a tsugune suke ko a kan katanga.

Ga abin da za ki yi. Ki nemi tsohon wandon da ya zauna wa yaron daidai, wanda ya riga ya gama aiki, ki farke ɗinkinsa a hankali da reza har ya rabu. Ki goge ɓangare ɗaya na gaba da ɗaya na baya, ki ɗora su a kan takarda mai kauri ko kwali, ki zana ki yanke. Da idonki za ki ga bambancin da nake faɗa miki. Ki rubuta sunan yaron a jiki ki adana, don badi ƙara masa faɗi da tsawo kawai za ki yi. In babu wandon farkewa, ki ɗaga tsakiyar baya da inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wajen ƙugu, ki kuma tsawaita bakin lanƙwasar baya da kamar inci ɗaya. Ki auna mazaunan yaron a inda suka fi faɗi, ki ƙara inci 3 zuwa 4, domin wando mai roba sai ya wuce ta nan kafin ya kai ƙugu, ga shi kuma iska muke nema ta shiga. Rabin inci na ɗinki ki bar shi a kowane gefe.

Haɗawar ma tana da tsari. Ki fara ɗinke kowace ƙafa ita kaɗai, gefe da cikin cinya. Sannan ki juya ƙafa ɗaya ki zura ta cikin ɗayar, fuskar yadi na kallon fuskar yadi, ki ɗinke lanƙwasar hantsa daga ƙugun gaba zuwa ƙugun baya a tafi ɗaya. Ki maimaita ɗinkin sau biyu, ki ƙanƙanta takun allura a ƙasan lanƙwasar. Irin kekenki miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, don haka bakin yadin zai riƙa zarewa a wanki. Ko dai ki kai a yi miki wibin, ba ya ɗaukar lokaci ko da ana ɗinkin Sallah, ko ki lanƙwasa bakin ki danne shi da wani ɗinkin. Wannan na biyun ya fi min, don ya fi ƙwari kuma ba ya cin fatar yaro.

Batun yadi, auduga za ki nema. In mai shago ya rantse miki auduga ce, ki karɓi ɗan ƙyalle ki sa masa ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ragowar atamfa ta auduga ta yi, haka kaki mara nauyi, kuma yadi ɗaya ya ishi wandon yaro har da aljihu. Tsohuwar shaddar babansu da ta sha wanki ta fi sabon yadi daɗi a jiki, in dai ba ta riga ta mutu ba. Sabon yadi kuwa ki wanke shi ki shanya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, don auduga tana tsukewa a wankin farko, sitatin da ke jikinta kuma yana ƙara wa mai ƙuraje ƙaiƙayi. Ki yanka tsawon wandon ya bi tsawon yadin, in ba haka ba ƙafar za ta murɗe. Allura lamba 14 ta ishi atamfa, kaki kuma lamba 16.

Ƙurajen da kika gani a ƙugun autan, ina zargin roba ce ta matse shi gumi ya taru a wurin. Ki sa mai faɗin inci ɗaya, ki rage inci ɗaya kacal daga awon ƙugunsa, ki zura ta a ƙubaka yadda ba za ta taɓa fata ba. Babban yana iya ɗaure mazagi, ki sa masa. Autan kam roba, saboda fitsari ba ya jiran a kwance ƙulli. Na babban kuma ki sauke shi ya rufe gwiwa, shekara 11 ya fara zama saurayi, zai yi salla da shi, za a aike shi waje. Idan ƙurajen suka fara ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, ki kai shi asibiti, wannan ya wuce batun wando.

Maganar maigidanki tana da ƙamshin gaskiya, yadi da tsada yanzu. Saboda haka gwajin farko ki yi shi da tsohon zanin gado. Ki haɗa da manyan taku, ki sa wa yaron, ki ce ya tsuguna, ya zauna, ya ɗaga ƙafa kan kujera. Inda ya ja ki ƙara, inda ya tattaru ki rage, ki mayar da gyaran kan kwalinki, sannan ki yanka yadin kirki. Jiran bayan Sallah ne ban yarda da shi ba, domin Afrilu da Mayu ne ganiyar zafin Sakkwato, kuma yanzu yaran suke bukatar wandunan. Ki fara da na autan, shi ne mai ƙurajen kuma nasa ya fi cin yadi kaɗan.

Gwaggo