Darasin Wannan Wata: Asalin Kalmar "Doodle"

Sau da yawa mutum yana zaune a wurin taro, hankalinsa yana wani waje, hannunsa kuwa yana ta zane-zane a gefen takarda ba da wata manufa ba. Wannan shi Turawa ke kira "doodle", ana furta kalmar "dudul".

Kalmar ta bayyana a Ingila wajen shekara 400 da suka wuce. A lokacin ma'anarta wawa ko sakarai. Da wannan ma'ana ce sojojin Ingila suka riƙa yi wa mutanen Amurka zambo da waƙar "Yankee Doodle". A shekarar 1936 wani fim na Amurka, "Mr. Deeds Goes to Town", ya yaɗa sabuwar ma'anarta, wato zane-zanen da mutum ke yi yana cikin tunani.

Abin lura a nan shi ne, zane-zane ba wauta ba ne. Da shi hannu ke sabawa da riƙon alƙalami. Saboda haka idan yaro yana zane a ƙasa da tsinke, kada iyaye su tsawata masa. A ba shi fensir da takarda. Da rarrafe yaro kan tashi.